Tarin Da Muka Saba Ji

Shekara arba'in da ɗaya ina auren kafinta, kuma a duk shekarun nan ban taɓa buƙatar agogo da yamma ba. Da ya shawo kwanar layinmu zan ji tarinsa, biyu gajeru, ɗaya dogo, sannan ya gyara murya kamar wanda aka ba damar yin jawabi. Ina ji sai in ɗora ruwan shayi. Kafin ya gama hawa matakalar benenmu, guda goma sha bakwai, ruwan ya fara motsi. Ƙurar katako ce ta ba shi tarin, kamar yadda ta ba ubansa da duk wanda ya taɓa riƙe zarto a shagon nan. Mu a gidanmu tari ba ciwo ba ne, sallamar maigida ce.

Na fara da wannan ne don a gane yadda aka yi na zalunci yarinya 'yar shekara bakwai, jikata, kuma na yi kwana tara da takardar da za ta wanke ta a ƙasan akwatina ban nuna wa kowa ba.

Rediyo muke ce mata. Kakanta ne ya laƙa mata sunan, ya ce ya juya ta gaba da baya bai ga inda ake rage mata murya ba. Tana tashi daga barci take farawa: abin da ta yi mafarki, abin da malamarsu ta saka, wanda ya ci duka, wanda ya kamata ya ci bai ci ba. Ni nake ce mata ƙawata, shi kuma uwargida yake ce mata, ya ce ni na tsufa ya sauya ni. Ita kuwa ta ce ba ta auren mai ƙura a gira.

Uwarta ita ce 'yata, ita kaɗai Allah ya bar mana. Da ta haifi na biyu, namiji, mijinta yana hanya. Direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai ga ƙofar gidansa ba. Sai ta kwaso kayanta da yaran biyu ta dawo wurinmu. Ɗaki biyu ne da falo, da kicin ɗin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai ɗaya ya ba da haƙuri, amma mun isa.

Ni fa ba na wasa da jariri, kowa ya sani. Na ajiye sabulu da buta a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo barka sai ya wanke hannu ina tsaye a kansa, mai mura kuwa daga matakala nake sallamarsa, ko uwar wa ta haife shi. 'Yata ta zagaye wata rana a kalandar falo da jan biro, ranar da yaron zai cika sati shida a kai shi riga-kafin farko. Kullum da safe Rediyo takan hau kujera ta ƙirga kwanakin da suka rage, ta sanar da mu kamar mai karanta labarai.

Yaron ya zo da rigima. Uwarsa ta jijjiga, ni in goya, a banza. Amma da kakansa ya dawo, ya sauya riga, ya wanke hannu har gwiwar hannu bisa umarnina, ya kwantar da shi a ƙirjinsa, sai ka ji tsit. "Abokina ya san na gida," in ji shi, yana min kallon na-ci-ki-wasa. Mutumin da shekara da shekaru a shago yake cin abincin rana, sai ga shi yana dawowa da azahar wai ya manta tabarau. Tabarau ɗin kuwa yana aljihunsa.

A lokacin ne ya ɗauki aikin gadon jariri. Na ce masa muna da kwando, ya ce jikan kafinta ba ya kwana a kwando, mutane su ce me? Ya samo wani jan katako mai tauri, ya ƙi saka masa inji, da hannu yake gogewa da samfefa don kada ko tsinke ya soki abokinsa. Ya riƙa dawowa ja tun daga gashin kai har yatsun ƙafa.

Kuma tarinsa ya sauya. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba, ni na ji da kunnena. Biyu gajeru da ɗaya dogon nan suka ɓace. Sai ya zama in ya fara ba ya tsayawa, yana zuwa a jere kamar ana kwance sarƙa, har idonsa ya kawo ruwa, ya dafa bango. Wata safiya har shayin da ya sha ya dawo da shi. Amma babu zazzaɓi, yana cin abincinsa, yana zuwa aikinsa, tsakanin wannan tari da wancan lafiyarsa lau.

Na ce, "Wannan jan katakon naka shi zai kai ka ƙasa."

Ya ce, "Katako mai daraja, ƙurarsa ma mai daraja ce. Ke dai ba ni zuma."

Na ba shi zuma da lemon tsami, na koma kan wankina.

Yaron yana da sati uku Rediyo ta dawo daga makaranta hanci yana yoyo. Na fito daga kicin na same ta durƙushe a kansa, ta manna masa baki a kumatu tana ba shi labarin wanda ya ci duka. Ban san lokacin da na fizgo ta ba. A ranar na haɗa kayanta a jaka na kira gwaggonta, ƙanwar ubanta, na ce ta zo ta tafi da ita sai murar ta warke. Rediyo ta yi kuka, ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba, ta riƙe ƙarfen matakala sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Kakanta yana zaune a kujerarsa da yaron a ƙirji. Ya kau da kai gefe ya yi tarinsa ya gama, ya share ido, sannan ya ce, "Haba, ki bar min uwargidata mana. Mura ce fa."

Na ce, "Riga-kafi ya fi magani."

Na faɗa ne ina jin kaina, kamar wadda ta ci jarrabawa.

Bayan kwana takwas yaron ya fara 'yar mura shi ma. Babu zazzaɓi, tarin ma ɗan kaɗan, kamar na kyanwa. Na ce wa 'yata kin gani ko, da na bar yarinyar nan da abin ya fi haka. Muka yi ta ɗiga masa ruwan gishiri a hanci. Ya rage kama nono, in ya kama sai ya saki yana haki. Haka muka yi kusan mako muna cewa gobe zai warware.

Ranar wata Talata da hantsi, ina yanka albasa, na ji 'yata ta kira ni da wata murya da ban san tana da ita ba. Na same ta riƙe da shi, bakinsa ya yi shuɗi, idonsa a buɗe, ƙirjin ba ya motsi. Ba kuka, ba tari, ba komai. Na karɓe shi na murza bayansa ina kiran sunan Allah, sai ya ja numfashi ya dawo. Ko mayafi ban tsaya nema ba, da zanen gado na fita.

A asibiti suka karɓe shi da gudu, suka saka masa robar iska a hanci. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yata ba. Ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka ɗebi jini, ta dawo ta ce tana kyautata zaton tarin shiƙa ne.

Na ce, "Likita, ki yi haƙuri, na san tarin shiƙa tun ba a haife ki ba. Yaro yakan yi ta tari sannan ya ja numfashi da ƙara kamar zakara. Wannan ko tarin kirki ba ya yi."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Mama, wancan na yaran da suka yi ƙwari ne. Jariri kamar wannan ba shi da ƙarfin da zai yi shiƙar. Shi numfashin ne kawai yake ɗaukewa. Kuma bai kai a yi masa riga-kafi ba, don haka wani ne ya kawo masa. Wa yake tari a gida?"

Ni da 'yata muka haɗa baki muka ce, "Yayarsa."

Kafinta ya iso ke nan daga shago, yana tsaye a bayanmu da jar ƙura a gira. Muna ba da amsar yana tari a cikin hankicinsa. Wata nas mai ƙiba, da take rubutu a gefe, ta ɗago ta dube shi.

"Baba, wannan tarin fa?"

Ni na amsa masa, kamar yadda na saba. "Wannan nasa ne, 'yar nan. Tarin nan ya girme ki. Kafinta ne."

Ta ce to, amma duk da haka kowa na gidan sai an gwada shi. Ta zura wa kowannenmu tsinke mai auduga a hanci har sai da muka yi hawaye, ta ba mu ƙwayoyi na kwana biyar, ta ce mai tari da marar tari kowa ya shanye. Ta ce a kawo yarinyar ita ma, da katin riga-kafinta.

Da la'asar gwaggonta ta kawo ta. Ina zaune a bencin baranda, tun safe ban sa komai a bakina ba, kuma sau biyu ke nan ina ganin nas-nas suna rugawa kan gadon yaron. Rediyo ta taho da gudu da kayan makaranta, murar ma ta warke, ta faɗa jikina tana tambaya. Ina yake? Me ya sa aka saka masa roba? Zai dawo gida kafin ranar jan biro? Saura kwana bakwai fa, Kaka, ta ƙirga.

Na cire hannunta daga jikina na ce, "Kin ga abin da na hana ki ko? Kin ga abin da bakinki ya jawo masa?"

Magana zarar bunu ce. Gwaggonta ta ce, "Haba Mama," amma ta riga ta fita. Yarinyar ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin, ta sa hannu ta rufe bakinta. Da nas ta zo da tsinken ba ta ko motsa ba.

Kwana huɗu yaron ya yi a asibiti. Ranar Asabar da misalin ƙarfe goma na safe numfashin ya ɗauke bai dawo ba, saura kwana uku ranar da aka zagaye. Ubansa yana hanya, bai iske shi ba. Ba zan ba da labarin ranar ba, don har yau in na fara sai muryata ta ƙi. Kalandar tana nan a falo, watan ya wuce tuni, babu wanda ya iya kai hannu ya yage shafin.

Da mutane suka watse aka dawo mana da Rediyo. Sai gidan ya zama kamar an ɗauke wuta. Ta yi gaisuwa, ta ci abin da aka ba ta, ta je makaranta ta dawo, shi ke nan. Da farko na ce rashin ƙaninta ne, kowa ma ai shiru yake. Sannan na fara lura. Ta ware kofinta da cokalinta, ita take wankewa ta ɓoye a bayan tukwane. In atishawa ta zo mata sai ta ruga banɗaki ta buɗe famfo. In za ta wuce ta gaban uwarta sai in ga ta kumbura kumatu ta yi sauri. Na ɗauki kwanaki kafin na gane numfashi take riƙewa.

Uwarta ba ta gani ba. Ita a lokacin ko wuta aka kunna a gabanta ba za ta gani ba, tana zaune da rigar yaron a cinya, nono yana zuba tana sa tsumma. Kakan kuwa yakan miƙa hannu ya ce, "Uwargida, zo ki ba ni labari," sai ta girgiza kai daga nesa ta shige ɗaki.

Sati ɗaya da rasuwar, nas ɗin nan mai ƙiba ta kira wayata ta ce sakamakon ya fito, wani ya zo ya karɓa. Ni na je. Ta ja ni wani ɗan ɗaki da ake ajiye kwalaye, ta ba ni kujera, ita ta tsaya.

Ta ce, "Yarinyar ba ta da shi, Mama. Katinta a cike yake, ba allurar da ta tsallake. Mura ce kawai ta yi. Ke da 'yarki ma ba ku da shi."

Na iya ƙirga, saura mutum ɗaya.

Ta ce, "Na Baba ne ya nuna. Kin ga, riga-kafin da aka yi wa mutum yana yaro yana sanyi da shekaru, wasu ma ba a taɓa yi musu ba. In ya kama babba ba ya shiƙa, ba ya kwantar da shi, tari ne kawai mai naci. Shi ya sa yake shiga gida ba a sani ba. Ko kin lura da lokacin da tarinsa ya sauya?"

Na sani har ranar. Ranar da ya fara goge ƙafafun gadon ce, ina jiƙa wanki.

Ta dafa kafaɗata ta ce kada in ɗora wa kowa, ba laifin kowa ba ne. Ta ce tunda ya shanye maganinsa ba zai ƙara shafa wa wani ba, sai dai tarin zai iya kai shi wata uku kafin ya sake shi. Ta ce in 'yata ta sake samun ciki, ta tambayi allurar da ake yi wa mai ciki don jariri ya fito da kariya, kuma duk babban da tarinsa ya wuce sati biyu a gwada shi kafin ya ɗauki jariri. Ina ta cewa to, to. A raina kuwa abu ɗaya nake maimaitawa: na bar jaki na daki taiki. Na kori mai lafiya daga gida, na ɗauki yaron da hannuna na ɗora a ƙirjin mai ciwon, safe da rana da yamma, ina tsaye ina duba ko ya wanke hannu.

Na ninke takardar na sa a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa.

Ina da hujjojina, kuma ba marasa kan gado ba ne. Mutumin nan shekararsa sittin da takwas. Tun rasuwar yake fita shago ya dawo babu ƙura a jikinsa, wato zama kawai yake yi. Hawan jininsa ya tashi. In na ce masa numfashinsa ne ya kashe abokinsa, ai na haƙa masa kabari da bakina. 'Yata kuma da wane ido za ta ƙara kallon ubanta? Rediyo kuwa yarinya ce, na ce wa kaina, yara suna mantuwa. Zan saya mata takalmi, zan ja ta a jiki, zan ce mata wasa nake yi. Na ma gwada. Na ce, "Ƙawata, maganar da na faɗa a asibiti ɓacin rai ne, ba ke ba ce." Ta dube ni ta ce, "To wa ne?" Na ce Allah ne ya kawo. Ta ce to, ta ɗauki kofinta ta tafi wankewa.

Akwai hujja ta ƙarshe da ban faɗa wa kaina ba sai daga baya. In takardar ta fito, dole a tambayi wadda ta shekara arba'in da ɗaya tana sauraron tarin nan, yaya aka yi ba ta ji ya sauya ba. Kuma na ji.

A rana ta tara, muna hawowa daga kasuwa ni da Rediyo, muka haɗu da matar tela da ke ƙasanmu a kan matakala. Tana da jaririya 'yar wata huɗu, wadda a da Rediyo take yini tana yi wa rawa. Matar tana kokawa da makulli da leda, sai ta miƙa mata jaririyar ba tare da tunanin komai ba. "Riƙe min ƙanwarki in buɗe ƙofa."

Rediyo ta mayar da hannuwanta baya. Ta ja da baya, ta ƙara ja, ƙafarta ta zame, ta gangara matakala huɗu ta bugi bango. Na watsar da kayan na sauka. Goshinta ya fashe, jini yana bin gira, amma ba kukan ciwon take ba. Ta riƙe rigata tana cewa, "Kaka, ban yi numfashi a kanta ba. Wallahi ban yi ba. Ki faɗa mata ban yi ba."

Na wanke mata ciwon na manna filasta, na kwantar da ita kusa da uwarta. Sannan na buɗe akwati.

Shagon yana bayan layinmu, tsakanin mai gyaran keke da mai sayar da fenti. Na same shi zaune a kan benci, zarto da guduma duk a rataye a ƙusoshinsu, ƙasa a share tas. Gadon yana kusurwa an lulluɓe shi da tsohon labule, ƙafa ɗaya ta leƙo, ja, tana sheƙi.

Ya ce, "Lafiya? Ke da kika ce ƙurar shagona tana ɓata miki mayafi."

Na miƙa masa takardar. Ya laluba aljihu ya saka tabarau, ya karanta a hankali yana bi da yatsa. Ba doguwa ba ce, sunaye huɗu ne da kalma ɗaya a gaban kowanne. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Tun yaushe take wurinki?"

"Kwana tara."

"Yarinyar fa?"

Na faɗa masa komai, da kofin, da famfon, da matakalar, da abin da na ce mata a barandar asibiti, wanda bai taɓa sani ba. Na ce masa kuma na ji lokacin da tarin ya sauya, na ba shi zuma. Na jira ya yi min faɗa. A zamanmu ni ce mai faɗan, ya daɗe yana bina bashin guda ɗaya, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

Bai yi ba. Ya cire tabarau, ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "Kullum sai na wanke har gwiwar hannu." Sai tarin ya taso masa. Ya juya min baya ya yi ta yi, ya dafa teburin aiki, kafaɗunsa suna rawa, kuma na san wani wajen ba tari ba ne. Da ya lafa ya ɗauko kwaɗon shagon ya ce mu je gida.

Ya hau matakala goma sha bakwai ɗin bai tsaya ba. A falo ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, abin da likita ya hana shi, ya ce a kira masa uwargida. Ta fito da filasta a goshi ta tsaya daga bakin ƙofa. Uwarta ta biyo ta ta tsaya a bayanta.

Ya ce, "Matso. Kin iya karatu ai, kin fi ni. Nemo sunanki a nan."

Ta matso da ƙyar, ta nuna da yatsa.

"Me aka rubuta a gabansa?"

"Babu."

"Nemo nawa."

Ta nemo. Ta daɗe tana kallo.

Ya ce, "Ciwon da ya kama abokina a wurina ya samu. Yana cikin tarina ban sani ba, kakarki ba ta sani ba, kowa bai sani ba. Ke mura kika yi irin ta kowa. Bakinki bai yi masa komai ba sai daɗi, ina gani yana murmushi in kina ba shi labari. Kin ji ko? Ba ke ba ce. Ni ne."

Ya ce wai ni ma ban sani ba, alhali na faɗa masa na ji. Na buɗe baki in gyara, ya ɗaga min hannu ba tare da ya dube ni ba.

Rediyo ta dubi takardar, ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta yi tambayar da har in mutu ba zan manta ba.

"To kai ma Kaka za ta haɗa maka kaya ka tafi gidan Gwaggo?"

Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ya ce, "In ta kore ni za ki raka ni?" Ta ce, "Ba za ta kore ka ba, zan riƙe ƙarfen." Ta faɗa jikinsa, ta sa fuska a wuyansa, ta fashe da kukan da ta riƙe kusan sati uku, da majina da komai, tana numfashi a kansa son ranta.

Ni 'yata nake kallo. Ta tsaya a bakin ƙofa da rigar yaron a hannu, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta juya ta koma ɗaki ta rufe. Kwana biyu ba ta fito falo ba in yana nan, shi kuma bai nemi ta fito ba. A rana ta uku da safe ya zauna zai sha shayi, sai ta fito ta ɗauki kofin daga hannuna, ta zuba zuma da kanta ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Baba, ka sha da zafinsa." Iyakar abin da aka taɓa faɗa ke nan tsakaninsu a kan maganar.

Rediyo ta dawo, ba gaba ɗaya ba, amma ta dawo. Kofinta ya koma cikin kofuna. Jiya ta ba ni labarin wanda ya ci duka har sai da na ce ta bar ni in ji da kaina. Ni ce dai ba ta cika zama a cinyata ba kamar da, kuma ban ga laifinta ba. Gadon ya ba matar tela, bayan ya tambaye ta sau biyu ko an yi wa jaririyar alluranta, ta kawo masa katin ya gani da idonsa.

Tarin bai sake shi ba tukuna, nas ta ce sai a hankali. Amma na daina jin sa. Ranar farko da ƙofa ta buɗe na gan shi tsaye a falo babu ko gyaran murya, ruwan shayi ko ɗorawa ban yi ba. Na ɗauka sauƙi ya samu. Washegari da yamma na leƙa ta tagar kicin, sai na hango shi can kafin kwanar layinmu, a jikin turken wutar lantarki. Ya juya wa gidaje baya, ya toshe baki da hankici, ya sunkuya yana yi har ya gama. Ya share ido, ya ninke hankicin ya sa a aljihu, ya tsaya ya tabbatar babu saura, sannan ya shawo kwanar.

Yanzu ƙarfe biyar da rabi nake ɗora ruwan, da agogo. Wani lokaci ya huce kafin ya iso, in sake ɗorawa.